Mai Kira da Dare: Abin da Wani Ɗalibina Ya Gani Cikin Littafin Ban Tsoro

 Ina so in yi magana a kan wani al'amari da iyaye suke yawan kawo mana kukansa, mu malaman makaranta, watau littattafan ban tsoro na aljanu da fatalwa waɗanda yaranmu suka ɗora wa rai. Wani uba ya ce ɗansa ya daina fita bayan gida da dare sai da rakiya. Wata uwa ta ce 'yarta tana kwana da fitila a kunne. Wani kuma ya ce wannan karatu ƙofar sihiri ce, gara a rufe ta tun ba ta buɗe ba. Duk cikinsu babu wanda ya yi ƙarya a kan abin da ya gani. Amma ni da na yi shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da alli a nan Hawata, ina ganin akwai wata tambaya da ya kamata mu yi wa yaro kafin mu fizge littafin daga hannunsa, ita ce: me ya ba ka tsoro a ciki? Na yi wa wani ɗalibina wannan tambaya, kuma amsar da ya ba ni ita ce dalilin wannan rubutu.

Da farko bari in gabatar da littafin, domin waɗanda ba su san shi ba. Sunansa da Larabci Usɗuratun Naddaha, watau almarar mai kira. Shi ne na biyu a cikin jerin ƙananan littattafan nan na aljihu da ake kira Ma Wara'aɗ Ɗabi'a, waɗanda aka fara bugawa a Alƙahira a 1993, aka ci gaba har lamba ta 80 a 2014. Mawallafinsu shi ne Dakta Ahmad Halid Taufiƙ, mutumin Ɗanɗa ta ƙasar Masar, wanda aka haifa a 1962, ya rasu a watan Afrilu na 2018. Likita ne, kuma malami a jami'ar garinsu, fanninsa cututtukan ƙasashe masu zafi irin tamu. A 2020 kamfanin Netflix ya mai da wasu daga cikin labaran wasan kwaikwayo mai kashi shida, abin da ya sa yaran yanzu suka sake waiwayar littattafan. Tsararrakina za su tuna da su. Muna sakandare a cikin garin Gadarif ake kawo su wajen masu shimfiɗa littattafai a kasuwa, guda ɗaya ya zagaya ɗakin kwana gaba ɗaya har bangonsa ya cire a ɗinke shi da zare. Yanzu kuwa a waya yara suke karanta su.

Ita Naddaha, a camfin manoman Masar, wata halitta ce mai siffar mace kyakkyawa wadda take tsayawa da dare a bakin magudanar ruwa ko a cikin gonaki, ta kira namiji da sunansa. In ya ji kiran sai hankalinsa ya gushe, ya tashi ya bi muryar, ko dai a tsinci gawarsa, ko ya dawo ba shi da wayo. A cikin littafin, jarumin jerin, Dakta Rif'at Isma'il, likitan cututtukan jini, yana komawa ƙauyensu Kafar Badar domin an ce Naddaha ta kira ɗan'uwansa, ya same shi zaune shiru kamar wanda aka zare wa rai, mutanen gida suna tsaronsa kada ya fita. Ba zan ɓata wa mai son karantawa labarin ba, amma dole in faɗi abu ɗaya, domin maganata ta rataya a kansa: da likitan ya bi diddigi, sai ya tarar da hannun ɗan Adam a cikin al'amarin.

To, ga yadda littafin ya shigo ajina. Kowa ya san halin da makarantunmu suka shiga tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. An rufe su wata da watanni, da yawansu suka zama masaukin waɗanda suka baro gidajensu. A ƙarshen watan Yuni na 2024 wutar ta isa Sinja, ta wuce Dindir, jama'a suka kwararo ta wajenmu, wasu a lori, wasu a tarakta, wasu a ƙafa cikin laka, ga damina ta kankama. Da Allah Ya sa aka koma karatu, na ga hannun yara ya yi nauyi da alƙalami, sai na ba su aikin insha'i mai sauƙi. Na ce kowa ya rubuta shafi biyu a kan wani littafi da ya karanta lokacin zaman gida, ban da littattafan manhaja. Wasu suka rubuta a kan ƙissoshin annabawa, wasu a kan tarihin sahabbai, wasu kuma suka ce gaskiya ba su buɗe komai ba. Wani yaro ɗan shekara goma sha shida, Bahaushe, daga cikin waɗanda suka zo daga Sinja, yaron da ban taɓa jin muryarsa a aji ba sai wajen amsa suna, ya kawo mini shafi biyar a cike, har da rubutu a gefe. Ba zan ambaci sunansa ba, amma da izininsa da na kakansa nake ba da wannan labari.

Ya ce a wayar kawunsa ya karanta, wadda ake kaiwa caji wajen mai sola a kasuwa, yana kwance a ɗakin ajin da aka sauke su, kowa ya yi barci. Abubuwa huɗu ya faɗa a kan littafin, kuma zan kawo su bi da bi yadda ya jera su.

Na farko, ya ce siffar Naddaha ba ta ba shi tsoro ba ko kaɗan. Ya ga abin da ya fi ta muni a wayoyin abokansa. Abin da ya hana shi barci shi ne ta san sunan mutum. Ga abin da ya rubuta, na juyo shi daga Larabci: "Dodon da bai san sunana ba, in na ɓuya zai wuce ni ya kama wani. Wanda ya san sunana kuwa ni yake nema." A ƙarƙashin wannan ya ba da labarin daren da aka ƙwanƙwasa musu ƙofa. Muryar maƙwabcinsu ce ta kira mahaifinsa da sunansa na yanka, sau biyu. Mahaifin ya buɗe domin ya san muryar, sai ga masu bindiga tsaye a bayan maƙwabcin. Suka tafi da shi kwana tara. Allah Ya dawo da shi da ransa, amma tun daga ranar ba ya son magana, yakan zauna ya zuba wa bango ido daga hantsi har azahar. Yaron ya ce da ya zo inda aka siffanta ɗan'uwan likita zaune shiru, sai ya kife wayar, domin kamar an leƙo ɗakinsu ne aka rubuta.

Na biyu, ya yi mamakin jarumin. Ya saba da jaruman fim masu ƙirji kamar ƙofar gari. Shi kuwa Dakta Rif'at ramamme ne, mai sanƙo, mai tabarau, taba ta cinye shi, zuciyarsa ba lafiya, kuma ba ya ɓoye cewa yana jin tsoro. Amma duk da tsoron ba ya fasa tambaya: wa ya fara jin kiran, da wane lokaci, wa ya ziyarci mara lafiya kafin nan, me aka ba shi ya sha? Yaron ya ce wannan ne karo na farko da ya ga an nuna matsoraci a matsayin mai amfani, kuma ya ji daɗin haka, domin shi ma tun daren nan yake ɗaukar kansa matsoraci, saboda ya shige ƙarƙashin gado bai fito ba.

Na uku, ya ce ya ji haushi da aka gano hannun mutum. Ya so a ce aljana ce zalla, domin aljana an san maganinta, a yi addu'a, a rufe ƙofa, kada a amsa kira. Mutumin da ka sani kuwa, wanda kuke gaisawa kullum, da wace ƙofa za ka rufe shi? Amma ya ƙara da cewa bayan kwana biyu ya yi tunani ya ga mawallafin gaskiya ya faɗa, kuma ya fara tambayar kansa ko shi ma maƙwabcin nasu da bindiga a bayansa ya yi kiran, ba da son ransa ba.

Na huɗu tambaya ce ya jefo mini a layin ƙarshe: "Ustaz, kakata tana da labarai da suka fi wannan ban tsoro. Don me babu wanda ya rubuta su?"

Jama'a, ku dubi wannan. Wata da watanni yaron nan yana ɗauke da abin da ya faru a ƙirjinsa, bai faɗa wa kowa ba. A gida ba a tayar da maganar, don kada a fama wa uban ciwo, mu kuma a makaranta muna ta ƙoƙarin cike gurbin manhaja. Da na tsare shi na ce ya ba ni labarin daren da aka tafi da mahaifinsa, na tabbata sunkuyar da kai zai yi. Amma da aka ce ya yi magana a kan wata aljanar Masar, sai bakinsa ya buɗe. Hausawa sun ce ciwon da aka ɓoye shi ke kisa, kuma kowa ya san yaro ba ya iya nuna wurin ciwo kai tsaye, sai ya kewaya. Tsoron da ke cikin littafi yana da shafin ƙarshe. Yaro yana iya rufe shi ya sha ruwa, ya dawo in ya ga dama, ya ƙirga sauran shafi nawa a kai ƙarshe. Tsoron da ya baro a Sinja ba shi da wannan, shi ya sa ya ari na littafin ya auna nasa da shi.

Ba a daɗe ba kakan yaron ya zo makaranta, dattijo mai kamala, tsohon masunci. Ya ji labarin an yaba wa jikansa a gaban aji saboda littafin aljanu, abin bai kwanta masa ba. Bayan mun gaisa na ba shi kujera, ya ce, "Ustaz, mun ba ku yaro ku koya masa karatu, sai na ji ana tafa masa a kan karatun iskoki. Yaron da ko yanzu firgita yake cikin barci?" Na ce, "Baba, Allah Ya ƙara maka lafiya, maganarka dutse ce. Amma ka ba ni izini in karanta maka abin da ya rubuta, sa'an nan ka yanke hukunci, duk abin da ka ce shi za a yi." Na karanta masa, ina juyawa da Hausa. Da na kai wajen ƙarƙashin gado, dattijon nan ya ɗauke kai ya dubi taga. Can ya ce, "Ashe yana farke a daren." Su duka sun ɗauka barci yake yi.

Hukuncin da ya yanke shi ne yaro ya ci gaba da karatunsa, amma ban da bayan sallar isha'i, kuma duk wanda ya gama ya zo ya ba shi labarinsa da Hausa. Ni kuwa ban ga malamin tarbiyya da zai yanke wanda ya fi wannan ba.

Ba ina cewa kukan iyaye ba shi da tushe ba ne. Akwai littattafai da finafinai a wayoyin nan waɗanda babu komai cikinsu sai jini da batsa, ba su dace da babba ba balle yaro. Akwai kuma yaron da zuciyarsa ba ta ɗaukar irin wannan karatu, ko mai kyau ne, kuma uwa ta fi kowa sanin nata. Sa'an nan akwai bambancin da ya kamata mu riƙe: littafin hikaya daban, littafin tsibbu daban. Irin su Shamsul Ma'arif, wanda ake jingina wa al-Buni, suna da'awar koya wa mai karatu yadda zai yi hulɗa da ɓoyayyun halittu, kuma malamai sun daɗe suna gargaɗi a kansu. Hikaya kuwa ba ta ce wa kowa ya zana hatimi ko ya turara wani abu ba, labari ne wanda mai shi ya ce ƙagawa ya yi. Mu Musulmi mun yi imani akwai aljanu, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu, amma wannan bai ɗora mana gaskata duk abin da aka ce aljani ne ya yi ba. Abin da nake roƙo shi ne uba ya karɓi wayar ya duba, ko ya sa wanda ya iya ya duba masa, kafin ya yi hani ko ya ƙyale.

Daɗin daɗawa, in mun duba da kyau, wa ya fara ba yaranmu tsoro da labari? Mu ne, a tsakar gida, bayan an ci tuwon dare. Dodon tatsuniya da yake haɗiye gari guda, da yarinyar da ta ƙi samarin garinsu ta auri baƙo kyakkyawa, suna tafiya yana mai da kayan jikin da ya aro har ya koma abin da yake, da fatalwa, da doguwar da ke kan tsamiya, da mutanen ruwa, duk daga bakin kakanninmu muka ji su, muna maƙale da zanensu muna cewa a ƙara. Da muka shiga cikin 'yan'uwanmu na Sudan muka tarar da nasu, irin su Ba'ati, mamacin da ake cewa yana tasowa daga kabari ya dawo cikin mutane, da gulan da ke cikin labarin Faɗimatus Samha. Har ma abin da ya tsorata ɗalibina muna da shi tun kafin a haifi mawallafin. Wane Bahaushe ne ba a gargaɗe shi yana yaro ba cewa in ya ji an kira sunansa da dare kada ya amsa sai ya ga mai kiran? Mu da muke sakaya sunan yanka da laƙabi, mun san nauyin suna tun fil azal.

Kuma tsofaffin nan ba don mugunta suke tsorata mu ba. Dubi kogin Rahad da muke zaune a bakinsa. Da rani sai ya tsaya ya zama tafkuna, yaro ya tsallaka shi da ƙafa ya raina shi. In ruwa ya sauko daga duwatsun Habasha da damina, cikin 'yan kwanaki ya cika ya batse, gaɓar da ka tsaya jiya ta zabtare yau. In ka ce wa ɗan shekara shida igiyar ruwa tana da ƙarfi, ba zai gane ba. In ka ce masa akwai mai jan ƙafa a ƙarƙashin gaɓa, ba zai kusanci wurin ba. Allah kaɗai Ya san yawan rayukan da wannan tatsuniya ta tserar.

Amma fa tsoro wuƙa ce mai baki biyu, kuma a nan ne darasi na biyu da ɗalibina ya tsinta yake da amfani gare mu. Yankinmu na Gadarif yana cikin wuraren da cutar kala'azar ta fi yi wa katutu a duniya, musamman ƙauyukan bakin Rahad da Atbara. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne yake kawo ta, wanda bai kai sauro girma ba, yana zama cikin tsagewar baƙar ƙasa da wajen itatuwan talha da aduwa, ya fi cizo a watannin bazara. Alamunta zazzaɓi ne da ya wuce mako biyu, da rama, da kumburin saifa. Yaro yana ci yana ƙanjamewa, ido ya faɗa, ciki ya fito. Wane ne cikinmu bai taɓa jin an ce irin wannan yaro an kama kurwarsa ba? Sai a fara raɗe-raɗi a kan wata tsohuwa marar gata a bayan layi, a daina karɓar abincinta, a janye yara in ta wuce. Ana cikin haka makonni suna tafiya, alhali kuwa cutar in ba a yi maganinta ba kusan ko da yaushe kisa take yi, in kuma an kai asibiti da wuri akwai gwajin jini, akwai allurai na kwana 17 da suke warkar da mafi yawan masu ita. Ga yaro an yi sakaci da shi, ga tsohuwa an ɗauki alhakinta. Da a gidan akwai mutum ɗaya mai halin likitan littafin nan, wanda zai ce yana jin tsoro amma zai yi tambaya, yaushe zazzaɓin ya fara, ina yaron yake kwana, wa kuma ya kamu a unguwar, da abin bai kai haka ba. Ina ganin ba banza ba likitan cututtuka irin namu ya zaɓi ya rubuta wa matasa labaran aljanu, ya kuma sa likita a tsakiyarsu. In littafin ban tsoro zai fitar mana da yaro mai tambaya kafin ya yi zargi, to ya biya kuɗin cajin waya.

Saura tambayar yaron ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi shafar wannan shafi namu. Don me ba a rubuta namu ba? Na gaya masa cewa a ƙasar Hausa an rubuta, kuma tun da daɗewa. A 1933 aka yi gasar ƙaga labari a Zariya ƙarƙashin Rupert East, aka samu littattafai biyar, cikinsu har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu biyu kuwa akwai aljanu a ciki. Daga shekarun 1980 marubutan Kano suka cika kasuwa da littattafai, wasunsu na soyayya, wasu na yaƙi, wasu na abubuwan al'ajabi da ban tsoro, irin rubuce-rubucen Nazir Adam Salih. Yaron ya buɗe baki, bai taɓa sanin ana buga hikaya da Hausa ba. Ba laifinsa ba ne. Karatunmu a nan da Larabci yake tun daga aji ɗaya, yaro yana jin Hausa a gida amma in ka miƙa masa rubutun boko sai ya tsaya yana haɗa baƙi kamar mai koyon Ingilishi. Wasu gidajen ma, musamman a manyan garuruwa, iyaye ne suke yi wa yara Hausa su amsa da Larabci.

Amma ko littattafan Kano sun iso mu, ba su ɗauke mana namu nauyin ba. Kakanninmu sun fara zama a wannan ƙasa tun zamanin tafiya hajji a ƙasa, wasu kuma sun biyo hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai ga kafa garin Mai Wurno. Fiye da shekara ɗari ke nan labaranmu suna shan ruwan Nilu da na Rahad da na Dindir. Dodonmu ya koyi Larabci, mutanen ruwanmu sun san kifin nan da kwale-kwalen nan. Wannan babu marubucin Kano ko na Alƙahira da zai rubuta mana shi. Mutanen wannan yanki sun ga yadda Abdul'aziz Baraka Sakin, haifaffen Kasala, ya ɗauki rayuwar 'yan jungo masu yankan riɗi da dawa a gonakin Gadarif ya mai da ita littafin da aka fassara zuwa harsunan Turai. Ashe ƙasar da muke takawa kullum tana da abin rubutawa. Kuma yaƙin nan ya ƙara mana gaggawa, domin tsofaffi da yawa sun rasu a hanya ko a wurin gudun hijira, kowace tsohuwa kuwa da kundinta take tafiya.

Saboda haka na sake ba ajin wani aiki. Na ce kowa ya je wajen tsohuwar gidansu ko ta maƙwabta, ya roƙe ta labari mafi ban tsoro da ta sani, ya rubuta shi da harshen da aka ba shi. A ajin akwai Hausawa, akwai Fulani, akwai Masalit, akwai Larabawa, na ce kowa da nasa. Ga Hausawa na ce wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, tun da baƙaƙen Larabci suna hannunsa, kuma da su kakanninmu suka yi rubutu ƙarni da ƙarni. Abin da ya fito ya fi ƙarfin tsammanina. An kawo labarin amaryar da aka kai gidan da ba a jin carar zakara, da na masuncin da ya jefa taru ya jawo tabarmar sallarsa da ya baro a gida, da na kasuwar dare da in ka sayi nama a cikinta da safe za ka tarar da ganye. Da aka zo karantawa sai yaran suka ga dodon wannan ƙabila ɗan'uwan na waccan ne, suna dariya suna musu a kan wanda ya fi iya cin mutane. Bayan abin da ya faru a jihar Nilu Shuɗi a 2022, da wanda ya biyo baya, ganin yaranmu da na maƙwabta suna jin tsoron abu ɗaya tare, suna dariya tare, ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Shi kuwa mai shafi biyar, kakarsa ta ba shi labari uku, kuma ya ce a daren na uku mahaifinsa ya matso da tabarmarsa kusa, har ya gyara wa tsohuwar wani wuri da ta manta.

Don haka ina kira ga iyaye, in kun ga yaro da irin wannan littafi, ku zauna ku ce ya ba ku labarin da Hausa, ku tambaye shi inda ya fi tsorata shi, ku saurara da kyau, domin wataƙila ba labarin littafin kaɗai zai ba ku ba. Ina kira ga 'yan'uwana malamai, mu bar wa yara ɗan fili a darasin insha'i su rubuta abin da suka karanta don kansu. Ina kuma roƙon Edita, in da hali, ya ware mana ko rabin shafi ne a kowane wata domin tatsuniyoyin da yara za su tattaro daga bakin tsofaffi, a riƙa bugawa da boko da ajami gefe da gefe, tare da sunan garin da aka samo kowace. Mu a Hawata muna da goma sha ɗaya a hannu, an gyara su, suna jiran izinin masu su. Mutanen Mafaza da Mai Wurno da Kasala, muna sauraronku.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya shirya mana zuriya. Amin. Wassalamu alaikum.